Jarkokin Tanimu

Tanimu mai gyaran raga ne a wani tsibiri daura da Wara, mutumin da ko goro bai taɓa roƙa ba. Da ambaliya ta cinye gonaki, sai ya koma maroƙin jarka. Masu agaji na raba wa yara abinci da magani a Wara, kwale-kwalen da ke kai yaran can kuwa ya tsufa, yana shan ruwa kamar raƙumi. Shi ya sa Tanimu ke ɗaura wa kowane yaro fankon jarka a ƙirji, don kada ya nutse in kwale-kwalen ya kife.

Ran Talata yara ashirin, jarkoki sha bakwai. Ya ruga gida ya sunkuto biyu na matarsa Aminatu.

"Malam, da mi zan ɗebo ruwa?"

"Ruwan da ya kwana ɗakinki kike nema wa jarka?"

Saura Miracle, 'yar maƙwabcinsa, wadda zazzaɓi ya kwana uku yana gasawa. A bar ta babu magani, a ɗauke ta babu jarka, ga iska ta taso. Tanimu ya karɓi zanin goyo, ya ɗaure ta tamau a bayansa.

"Yau ni ne jarkarki," ya ce. "Tsohuwa ce, amma ba ta taɓa yoyo ba."