Zaɓen 'yan Seto a wata sal ta Stains

Shekarata ta biyu a Lyon na raba gida a unguwar Minguettes da wata yarinya 'yar Estoniya. Ita dai ba ta yarda a ce mata haka kurum, sai an ƙara da Seto, sunan ƙabilarsu. Ina wankin kwanoni tana ba ni tarihi ko ban tambaya ba. Yankinsu, in ji ta, da can duka na Estoniya ne, bayan yaƙin duniya na biyu aka ja iyaka, babban garinsu ya faɗa Rasha. Har yau ana gardamar wurin. Kakarta sai da biza take zuwa kabarin uwarta.

Abin da ya kama ni shi ne sarkinsu. Barci yake cikin wani kogo a can ɓangaren Rasha, shi ya sa duk shekara suke zaɓen wakili mai karɓar umarninsa cikin mafarki. Na ce, "Ai mu ma muna da shugabanni masu barci." Ba ta yi dariya ba. Ta ce zaɓen babu takarda, 'yan takara su tsaya, kowa ya je ya yi layi wajen wanda yake so, mai dogon layi ya ci.

Lokacin ƙungiyarmu ta 'yan Nijar tana cikin rigima kan zaɓen shugaba. 'Yan Paris sun ce 'yan Lyon suna cika akwati, 'yan Lyon sun ce 'yan Paris ne ke ƙirga ƙuri'a da ido ɗaya. Ni da bakina, na yi bokal, saƙon murya, na minti huɗu daga cikin metro na tura gurup, na bayyana dabarar 'yan Seto. Aka yarda. Har wani Malam ya rubuto, "Allah shi miki albarka, ɗiyata."

Sai a jirgin ƙasa zuwa Paris ranar zaɓe, mun wuce rabin hanya, na tuna ni ma ina da ƙafafu, dole in tsaya wani wuri. Ɗan takarar Paris yayana ne, ɗan wan babana, wanda ya tarbe ni a filin jirgi, na yi wata uku kan kujerar falonsa. Ɗan takarar Lyon kuwa abokin karatuna ne, kuma ni na matsa masa ya fito.

A sal ɗin Stains, wani zauren taro kusa da Paris, aka ɗora kowannensu kan kujera. Malam ya ce, "Bismillah, a yi layi." Babu wanda ya motsa. Wa zai tsaya gaban mutum ya nuna ba ya sonsa, gobe kuma su haɗu a masallaci? Wasu suka fara gaisuwa daga farko, ina gida, ina sanyi, ina 'yan Zinder. Wani ya ce alwalarsa ta karye. Mutum biyar waya ta kira su lokaci guda.

Yaya ya kalle ni daga bisa kujera. "Ke, mai dabara, fara mana."

"Yaya, ina jiran manya."

"Manya na jiranki."

Na tafi na tsaya wajen ɗan Lyon. Ni kaɗai. Ya raɗa mini, "Ki koma, don Allah, ni ma kunya nike ji."

Ana haka wata Hajiya, matar wani ma'aikacin ambasad, ofishin jakadancinmu, ta buɗe kwanon dambu a ƙarshen sal. Nan take jama'a suka gano mafita, kowa ya ɗauki faranti ya bi layi. Malam ya duba hagu, ya duba dama, ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce, layi mafi tsawo na Hajiya ne. Ta ce, "Ni ban tsaya ba." Aka ce ai a tsaye take. Sai ta ce to daga yau wanda ya makara taro shi ke wanke tukwane. Aka tafa.

Kowa ya fita da mutuncinsa in ban da ni, mutum guda da aka ga ƙuri'arta.

Da marece Yaya ya kai ni gar, tashar jirgin ƙasa, cikin motarsa. Muka iso. Na fito, na tsaya jiran ya ɗauko mini jaka kamar kullum. Ya buɗe bayan motar daga zaune.

"Yaya, nauyi gare ta."

"Kira ɗan Lyon."

Na ja jakata. Kafin jirgi ya tashi saƙonsa ya shigo: "In kin isa ki gaya mini. Na sa miki dambu a aljihun gefe, ban da ɗan Lyon."