Ƙwan da Mama Ta Kai Coci

Surukata, uwar mijina, mace ce mai fargaba. Idan ta kulle ƙofa sai ta koma ta girgiza kwaɗon. Idan jikokinta suka yi tari sau biyu, ta fara tambayar ko asibiti a buɗe yake. A unguwa Mai Ƙwai ake ce mata, mu a gida Mama muke kiranta. Ta daɗe tana shara da goge-goge a wata makarantar firamare, da ta ajiye aiki bayan rasuwar mijinta sai ta zuba kuɗin sallamarta a kiwon kaji. Mijina, wanda aikin wayar lantarki yake yi, ya haɗa mata ɗakin kaji na kwano da waya a bayan gida.

Kullum da safe takan shiga ɗakin da roba biyu. Ƙwai tara a babbar, na goma a ƙaramar, kuma sai ta juya shi ta ga ba tsagewa. Wannan shi ne zakkarta. Na taɓa tambayarta me ya sa ba za ta sayar duka ba, ta cire kuɗi a ƙarshen wata kamar kowa.

Ta ce, "'Yata, na san halina. In kuɗi ya taru a hannuna, sai na tuno abincin kaji, na tuno magani, na tuno rufin da ke yoyo. Hannun ba zai buɗe ba. Gara na cire tun yana ƙwai, kafin zuciyata ta saba da shi."

Ranar Lahadi kafin sujada takan miƙa wa dattijon ikilisiyarmu, wani tsohon hedimasta mai tafiya da sanda, shi kuma ya raba wa mabukata. Ba ta taɓa tambayar su wa ke samu ba, shi ma bai taɓa faɗa ba.

Wata Litinin na ji ta ƙwala mini kira daga bayan gida. Na tarar da ita tsaye, robar a ƙasa. Kaji da dama sun mutu a kan garin katako, wasu sun saki fukafukai suna gyangyaɗi, wuya a murɗe. A makon kuwa rediyo ba ta da zance sai murar tsuntsaye, ana cewa tana iya kama mutum.

Likitan dabbobi ya zo da safar hannu da ƙyallen rufe hanci. Ya ɗauki gawa biyu a leda, ya ce kada a sayar da ko ƙwai ɗaya sai sakamakon gwaji ya fito.

Mama ta ce, "Likita, wanda ya riga ya fita fa? Jiya na kai coci."

"In an dafa shi sosai, da wuya a samu matsala."

"In ba a dafa ba fa?"

Ya ɗaga kafaɗa ya ce a dai jira sakamako.

Da ya tafi, ta ɗauko gyalenta. Mijina ya tare ƙofa.

"Mama, ina za ki?"

"Wurin Baba Hedimasta. A karɓo ƙwan nan."

"Kin san in maganar nan ta fita, babu mai kantin da zai ƙara sayen ƙwanki? Ko da gwajin ya nuna ba komai, mutane ba sa mantawa. Ki bari mu ji tukuna."

"Mu ji bayan sun cinye? Da hannuna na ce na Ubangiji ne, sannan na miƙa wa mutane cuta? Matsa mini."

Ya matsa. Ya dube ni, na gane nufinsa, na bi ta.

Baba Hedimasta ya saurare ta har ƙarshe, ya daɗe yana murza kan sandarsa. Ya ce mutanen da yake kai wa ba sa so a san su, wasu ma a benci ɗaya suke zama da mu. Amma ya yarda mu ɗauki ɗan sahu tare, shi ya riƙa shiga gidajen, mu mu jira a bakin titi.

Haka muka yini. Ya shiga lungu ya fito da leda, ko ya fito hannu wofi ya ce sun soya sun ci tun jiya. Duk sanda ya ɓace a lungu, Mama sai ta kama gwiwata ta matse, leɓunanta na motsi. Ba ta ci komai ba, ruwan da na saya mata ma a cinyarta ya yi zafi.

A gida na ƙarshe ya daɗe. Da ya fito, ya yafito mu.

"Ta ce ku shigo. Gara ku ji da kunnenku."

Ɗaki ɗaya ne a gidan haya, katifa a ƙasa, risho a kusurwa, keken ɗinki an rufe shi da zane. Matar da ke zaune na san ta, tana cikin mawaƙan coci, kullum tsaf da ita. Ban san mijinta ya rasa aiki ya tafi nema wani gari ba. Cikinta ya tsufa. Ta ce an faɗa mata a awo cewa jininta ya yi ƙasa, wata maƙwabciya ta ba ta shawarar ta riƙa kaɗa ɗanyen ƙwai a madara. Ta sha jiya, ta sha yau da safe.

Mama ta zauna a ƙasa daɓas, ba ta ko nemi kujera ba.

Matar ta ce, "Ashe ke ce, Mama. Ni ban sani ba. Kada ki damu, lafiyata ƙalau."

"Kanki ba ya ciwo? Maƙogwaro fa? Kawo goshinki."

Daga ranar Mama ta raba kanta biyu. Da safe ta kwashe matattun kaji, mijina ya haƙa rami ya binne, ta yi wanka da sabulu har fatarta ta yi fari, sannan ta tafi gidan mai cikin. Ta raka ta asibiti, aka duba aka ce babu zazzaɓi, a dai sa ido. Mama ta sa ido har ya yi yawa. Ko atishawa matar ta yi, sai ta kira ni a waya. Ta rame, ta daina sauraron rediyo, in waya ta yi ƙara sai ta ce ni in ɗauka.

Ana cikin haka ƙanen marigayi mijinta ya zo jaje. Ya leƙa ɗakin kajin ya girgiza kai.

"Yaya, duk zakkar nan da kike yi, a ce haka ta same ki? Ko dai akwai inda kika rage?"

Na zaci za ta yi kuka, don ita ma na ji ta tana tambayar kanta haka a addu'a. Sai ta ce, "Ban yi ciniki da Allah a kan kaji ba. Abin da ya ba ni na ɗiba na mayar. Ka yi wa yarinyar nan addu'a, ka bar zancen kaji."

Sakamakon ya fito bayan mako guda da wani abu. Ba murar tsuntsaye ba ce, wata annobar kaji ce da ba ta yi wa mutum illa ta hanyar ƙwai. Da likitan ya faɗa, Mama ta sa shi ya maimaita, sannan ta sa ya faɗa mini ni ma, wai ko kunnenta ne ya ji abin da yake so.

Amma maganar mijina ta tabbata. Labari ya riga ya zaga, manyan masu kanti biyu da ke ɗaukar ƙwanta suka koma wani wuri, har yau ba su dawo ba. Kajin da suka tsira ba su cika kwando ba. Mijina ya yi fushi na ɗan lokaci, daga baya shi da kansa ya wanke ɗakin da magani, ya sayo mata 'yan tsaki kaɗan. Yanzu a ƙofar gida take sayarwa, ɗai-ɗai, ga maƙwabta. Abin da take kai wa Baba Hedimasta ranar Lahadi ya ragu sosai, wani makon a aljihun rigarsa yake sa shi, amma ba ta fasa ba.

Mai cikin ta haihu lafiya, mace. Da yake ba ta da kowa a kusa, Mama ce ta riƙa zuwa tana yi wa jaririyar wanka har cibiya ta faɗi. Ranar da na raka ta, na ga tana ɗaga yarinyar a tafin hannu tana auna nauyinta, fuska a ɗaure.

"Ba ta yi ƙanƙanta ba kuwa?"

Uwar ta yi dariya ta ce nas ta ce nauyinta daidai ne.

Mama ta ce, "To, a dai koma a sake aunawa ranar Alhamis. Ni zan zo mu tafi."