Kamun Ƙafar da Aka Yi Min a Al Qusais

Aikin mataimakin lauya ne, a wani ƙaramin ofishi da ke unguwar Al Qusais a Dubai, inda ake tsaya wa baƙin ma'aikata kyauta: wanda ubangidansa ya riƙe wa fasfo, wanda aka kora ba sallama, wanda aka yi wa sharrin ya gudu daga wurin aiki. Suna neman wanda ya karanta shari'a, yana kuma jin Hausa da Turanci. Kamar ni aka auna aka ɗinka wa. A lokacin bizar ziyarata ta kusa ƙarewa, ina kwana a gadon sama a wani ɗakin haɗaka a Al Muraqqabat, tare da mutanen da ko sallama da ƙyar suke amsa min. In aikin nan ya kuɓuce, Kano zan koma, babu wata magana.

Da kansu suka kira ni intabiyu, ba wanda ya sa baki. Ina so a riƙe wannan. Murna ce ta sa na kira Baba na faɗa masa, shi kuwa Baba bai taɓa yarda ana samun aiki a duniyar nan ba tare da kamun ƙafa ba. Ya ce yana da aboki a Dubai, tare suka yi zaman kasuwa tun suna samari, yanzu babban Alhaji ne mai harkar kargo, sitonsa na Ras Al Khor. Na ce masa nan ba haka ake yi ba. Ya ce yaushe na shigo garin da har na san yadda ake yi? Kafin mu yi sallama ya riga ya yanke hukunci, Alhaji zai raka ni.

Ranar intabiyun Alhaji ya zo ya ɗauke ni a wata ƙatuwar mota, ya sha shadda, turarensa har yana sa ni atishawa. Tun daga gaisuwa yake ce min Barista, da irin muryar da ake tsokanar yaron da ya sa takalmin babansa. Da na yi masa bayanin aikin da ofishin ke yi, sai ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya ce au, masu zuga ma'aikata su kai iyayen gidansu ƙara ke nan. Na roƙe shi, da duk ladabin da na iya, ya sauke ni a bakin ƙofa kawai, hakan ma ya gama min komai.

“Mahaifinka amana ya ba ni,” in ji shi. “Ba zan jefar da kai a titi kamar kwali ba. Yalla, mu je.”

Da muka fito ya miƙo min jakarsa, na karɓa. A gidanmu ba a barin babba da kaya a hannu. Haka muka shiga, yana gaba yana baza ƙamshi, ina biye da shi da kwat da lakataye, rungume da jakarsa.

Ɗakin jiran a cike yake, mutanen ƙasashe daban-daban a kan kujerun roba, kowa ya yi jugum. Can a lungu akwai wani magidanci da tun daga nesa ka san Bahaushe ne, daga baya na ji mutumin Damagaram ne. Ya girme ni nesa ba kusa ba, hannuwansa duk sun yi kanta. Yana haɗa ido da Alhaji ya miƙe zumbur, sannan ya zare takalmi ya durƙusa ya gaishe shi, a nan tsakiyar ofishin da ya zo neman a ƙwato masa haƙƙinsa. Ashe cikin masu yi wa Alhaji lodin kwantena yake.

“Ba kai ne aka ce min ba ka da lafiya yau ba?” Alhaji ya tambaye shi.

“Rakiya na yi, Alhaji.”

“Wa ka rako?”

Mutumin ya waiga dama da hagu, babu wanda zai nuna. Sai ya ɗago ya dube ni, ya dubi lakatayen, ya dubi jakar da ke ƙirjina. Ban taɓa ganin ƙiyayya tsagwaronta a idon mutum irin ta ranar ba. Ya tashi ya fice, ko takalminsa bai gama zurawa ba.

Lauyar da za ta yi min intabiyu, wata 'yar Sudan mai tabarau, tana tsaye a ƙofar ofishinta ta ga komai. Alhaji ko a jikinsa. Ya ƙarasa wurinta ya shiga zuba, rabi Turanci rabi Larabci, wai ni yaron kirki ne, ɗan gidan mutunci, shi ya tsaya min, duk abin da ake bukata a gaya masa. Ta bar shi har ya kai aya, sannan ta ce ya jira a waje.

Na haddace dokar ƙwadago ta ƙasar kamar mai shirin musabaƙa, amma ko tambaya ɗaya ba ta yi min a kanta ba. Ta tambaye ni mene ne tsakanina da mutumin nan, na ce abokin mahaifina ne, yau na fara ganinsa. Ta gyaɗa kai, ta nuna min wani tebur da babu kowa a kai.

“Wanda za mu ɗauka a can zai zauna,” ta ce. “Mutane za su faɗa masa abin da suke tsoron faɗa wa kowa. Yau duk sun ga wanda ka shigo da shi.”

Ta ce za su neme ni. Ita ma na ji haushinta, har yanzu ina ji. Mace mai ilimi, mai aiki da 'yan Afirka kullum, ta kasa gane yaron da aka tuso ƙeyarsa.

A mota Alhaji sai fara'a yake. Ya ce ashe nan ma'aikatansa suke zuwa, ai na yi masa amfani. Ya ce fasfon mutumin na durowarsa, ajiya ce yake yi musu, don irinsu in ka sake musu sai su ɓace. Daga nan ya ce khalas, shi ke nan, in manta da masu ofishin, in zo sito in riƙa duba masa takardu, shi zai yi min biza. Na ce zan yi shawara, ya taimaka ya sauke ni a tashar jirgin metro. Ban sake ɗaga wayarsa ba, ofishin kuma ba su kira ba.

Ana gobe zan bar garin, bayan sallar Juma'a, na shiga wani gidan abinci na 'yan Najeriya kusa da Al Rigga, sai ga mutumin Damagaram yana cin tuwo a kusurwa, ya juya wa ƙofa baya. Mai abincin ta raɗa min cewa Alhaji ya kai rahoton wai ya gudu daga aiki, yanzu raɓe-raɓe yake a ɗakunan mutane, ba fasfo, ba halin komawa gida. Na ƙarasa na yi masa sallama, na miƙa hannu, bakina cike da bayanin da na daɗe ina shiryawa. Bai karɓi hannun ba. Ya suɗe yatsunsa a hankali.

“Lauyan Alhaji,” ya ce. “Je ka faɗa masa ka gan ni. Ai aikinka ne.”

Washegari na sauka a Kano. Baba ne ya zo tarata a filin jirgi, kuma tun kafin mu kai mota ya tambaye ni ko na je na yi wa Alhaji sallama da godiya.