Farar Ƙasar da Ƙanwata Ta Ci

Mai yiwuwa na haɗa wata shekara da wata, amma ina jin damina ta biyu ce bayan na gama jami'a. Na je wani ƙauye a Doguwa duba ƙanwata, cikinta ya tsufa. Mijinta ya ajiye noma a lokacin, yana haƙar wani farin dutse a gindin tsauni. Masu saye sun ce da shi ake yin batirin sola. Ni ma da sola nake cajin waya, ban taɓa ganin aibin aikin ba.

Na tarar da ita a tsakar gida tana gutsurar farar ƙasa, irin wadda masu ciki ke kwaɗayi.

"A kasuwa kika saya?" na tambaye ta.

"A'a Yaya, maigida ya ɗebo min a kududdufin da suke wanke dutse. Ta fi ta kasuwa laushi."

Ta gefen kududdufin nan na biyo da zan shigo ƙauyen. Ruwan ya yi kore, ban ji kukan kwaɗo ko ɗaya ba, kuma wani makiyayi ya ce min ya daina shayarwa a can tun da shanunsa biyu suka yi ɓari.

Surukarta ta leƙo daga madafi, ta ga fuskata. "Kai da ka yi boko, faɗa mana. Guba ce?"

"Inna, ba fannina ba ne. Wataƙila babu komai, wataƙila kuma..."

"Wataƙila, wataƙila! Jikana ne fa a cikin nan."

Sai na ba ta labarin shanun. Ta fizge ƙullin farar ƙasar daga hannun ƙanwata, ta shiga ɗaki ta kwaso sauran, ta zuba a masai. Da mijin ƙanwata ya dawo ya ji, ya daɗe tsaye, farar ƙura har gira. Washegari ya kai matarsa asibiti a Tudun Wada, daga nan ya koma ramin haƙar dutse, don ya riga ya jinginar da gonarsa.

Yaron ya zo ɗan ƙarami, kuma ya yi jinkirin tafiya. Ko ƙasar ce ta jawo, ban sani ba, likita ma bai ce ba. Duk wanda ya zauna a yankin a lokacin, in na yi kuskure, don Allah ya gyara min, musamman batun shanun.