Yaya Balki da Tsoron Ƙarfe a Baki

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Yaya Balki, kuma har yau in na ga mai ciwon haƙori ya dafe kunci, ita ke faɗo mini a rai. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Farfaɗiya ta same ta tun tana budurwa, amma ba ta hana ta aure ba, ba ta kuma hana ta sarin atamfa a nan Illela tana kai wa matan Ƙonni ta Nijar ba. Ga barkwanci. In ta fara kwaikwayon masu taya kaya da sefa, kuɗin Nijar, sai cikin mutum ya ƙulle don dariya.

Abin da ya fi cutar da ita taimako ne. A unguwarmu, da zarar mai wannan ciwo ya faɗi, sai a ruga a ɗauko cokali a cusa masa a baki, wai kada ya haɗiye harshensa. Da zuciya ɗaya ake yi, ana salati ana kuka. A haka aka karya mata haƙoran gaba biyu, aka fasa wani can ciki. Ta kan ce mini, "Hauwa, ciwo dai na Allah na, amma giɓin ga aikin maƙwabta na."

Wanda ya fashe ɗin shi ya ruɓe. Da kumburi ya hana ta tauna, muka lallaɓa ta zuwa wani asibiti a Sakkwato. Ta hau kujera lafiya lau. Tana ganin an turo faranti cike da ƙarafa, sai ta damƙe hannuna.

"In abin ya taso min ƙarhe na cikin bakina, mi za a yi?"

Likitan na da layi har waje. Bai tambayi maganin da take sha ba, bai tambayi abin da ke firgita ta ba. Cewa ya yi in ta shirya ta dawo. Ta gyara mayafi ta yi gaba, kuma ba ta sake shiryawa ba.

Daga nan sai dabaru. Kanumfari a kunci, kurkura da ruwan gishiri mai ɗumi, tauna da gefe guda. Da gefen ma ya gaza, ta koma kunu da fura. Matar da ke iya tashi da rabin tiren tsire ita kaɗai, sai ga ta da Sallah tana raba wa yara namanta tana cewa ta ƙoshi. Ciwon haƙori ya hana ta barci, rashin barci ya tayar da farfaɗiya, in ta faɗi kuma a sake kawo cokali. Ba zan ce haƙori ya kashe ta ba, kwananta ne ya ƙare. Amma shekarunta na ƙarshe cikin wahalar da ake iya kauce wa ta yi su, kuma wannan na ci mini rai.

Bara na raka wata maƙwabciyata 'yar Amarawa, ita ma mai farfaɗiya, wurin likitan haƙori. Likitar mace ce, yarinya. Ta tambayi maganinta da lokacin da ta faɗi na ƙarshe, ta miƙa mata kayan aikin ta taɓa da hannunta, ta ce in ta ɗaga yatsa za a dakata. Ta kuma gargaɗe ni: in ta faɗi a kwantar da ita a gefe, kada a sa mata komai a baki. Ina zaune a wurin hawaye suka zubo mini. Da Yaya ta ga wannan, na san tsokana za ta fara yi, ta ce ashe likitoci ma sun koyi sallama kafin su shiga bakin mutum. Ina jin da ta zauna an cire haƙorin.

Me ya rage nata? 'Ya'ya uku, da kwastomomin da har yanzu ke tambayar gidanta, da hotuna. Kowane hoto bakinta a rufe gam, don ba ta son a ga giɓin. Kwanan baya jikarta, wadda aka sa wa sunanta, ta daɗe tana kallon ɗaya, sannan ta juyo ta ce, "Inna Hauwa, ita Kaka ba ta dariya na?"

Allah Ya jiƙanki, Yaya.