Mai Kat-kat da Allurar Zafi

Bappa makiyayi yana zaune a garajin Sharifu a Gazawa, yana jiran a liƙe masa tayar babur, idonsa na kan wani baƙo mai babbar motar nan kat-kat. Mutumin ya sha shadda, zobe uku a hannu ɗaya, yana nuna inji da bakin makulli don kada baƙin mai ya taɓa yatsansa. Da gani, a gidansa ba a gaya masa gaskiya sau biyu.

"Allurar zafin injin nan ta cika hawa ja," in ji baƙon. "Canza agogon zafin."

"Alhaji, na biyu ke nan na sa," in ji Sharifu. "Agogo lafiya lau. Injin ne ke tafasa."

"To cire wayar, ta kwanta."

Sharifu ya cire. Allura ta kwanta, Alhaji ya yi murmushin wanda ya ci shari'a, ya ja mota ya nufi Gangara, tururi na fita ta gaba.

Bappa ya ja tsaki. Shi in hancin saniyarsa ya bushe, magani yake nema mata. Bai taɓa jin wanda ya yanke hancin ya ce zazzaɓi ya sauka ba.