Haƙorin da Inna Ke Auna Shinkafa da Shi

Ranar wata Asabar ce cikin kaka, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare a Kalgo. Shanyar shinkafa ta cika tsakar gidanmu har bakin rijiya, ni kuma an ba ni kara an ce in tsare kaji. Inna ta fito daga madafa, ta duƙa ta ɗauki ƙwaya biyu ta jefa a baki kamar yadda ta saba. Na saurara in ji ƙas ɗin nan da ke nuna shinkafa ta bushe, amma ban ji ba. Sai na ga ta tsaya cak, ta tofa wani abu a tafin hannunta. Haƙori ne ɗungurungum har da saiwarsa, babu ko ɗigon rami a jikinsa.

Sana'ar Inna ke nan, gumi. Takan sayi shinkafar da ba a cashe ba daga manoman fadama, ta jiƙa, ta turara a rabin durom, ta shanya, sannan a kai inji. In danshi ya rage a ciki inji ya dagargaza ta, in ta bushe ta wuce kima ta kakkarye. Ma'aunin Inna ɗaya ne, haƙorinta. Matan unguwa har aiko mata da tasu suke yi a marfin kwano ta ciza ta yanke hukunci. Da wannan cizon aka saya mana kayan makaranta da takalman sallah.

Kada wani ya ɗauka ƙazama ce. Inna 'yar Gwandu ce, kuma ko tsintsiya ta ajiye sai ta faɗa maka cewa matan Gwandu ba sa wasa da tsafta. Asuwaki ba ya barin bakinta da safe, mu kuma takan dirje mana haƙora da gawayi da gishiri har sai mun yi hawaye, domin ranar Litinin malamai kan jera mu a fili su duba farce da baki. Adonta kuwa goro ne da furen taba, wanda matan lokacin ke gogawa haƙora su yi ja wur. A nan aka samu matsalar. Kullum in ta yi asuwaki sai ta tofar da ja. Na taɓa ce mata, "Inna, kamar jini." Ta harare ni ta ce, "Ke ɗiyar ga, hure na, ba jini na ba." Shi ke nan na ja bakina, don wa ya isa ya yi musu da Inna a kan bakinta?

Ranar da haƙorin ya fita, tausayinta ya kama ni sosai. Mu yara a makaranta mun san dokar: in haƙorinka ya faɗi ka jefa shi kan rufin ɗaki, ka kuma rufe baki kada ƙadangare ya ga giɓin, in ba haka ba sabo ba zai fito ba. Na yar da karan na ruga na ce, "Inna, rufe bakinki, ga ƙadangare can kan katanga!" Ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Daga baya ta ce, "Na manya ba shi komowa, Dije." Kaji kuwa suka samu sake, suka yi ta bidirinsu a kan shanya.

Baba ya ce a tafi asibiti Birnin Kebbi. Ta ce, "Mi likita za shi yi ma abin da ba shi ciwo?" Kuma gaskiyarta ta wani ɓangaren, bai taɓa yi mata ciwo ba. Haka sauran haƙoran suka riƙa girgiza suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, ta koma ciza da wancan gefen, har shi ma ya gaza. Kafin in gama sakandare ni nake ciza mata shinkafa, ita tana kallon bakina. Ni kuwa ban iya ba. Sau biyu na ce ta bushe, inji ya mayar da buhu guda tsaki. Ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo ke nan. A shekara ta gaba ta kife durom ɗin a bayan ɗaki.

Sai da na fara aiki na lallashe ta muka je wurin likitan haƙori. Ya duba ya ce ciwon dasashi ne, mai cin gindin haƙori a ɓoye, kuma jini shi ne gargaɗinsa na farko. Akwai dattin da ke daskarewa a gindin haƙori wanda asuwaki ko buroshi ba sa iya cirewa, sai an kankare a asibiti. Da ta zo tun da wuri, in ji shi, da an ceci da yawa. Inna ta dube ni, ni ma na dube ta.

Yanzu duk wata shida nakan je a duba ni ko ba na jin komai. Abokan aikina har tsiya suke yi mini, wai mai lafiya ce ke kai kanta asibiti. Su yi ta yi. Inna tana nan da ranta, kunu da tuwo mai laushi ne abincinta. Watan jiya na kai mata ziyara, na manta na haɗa da kilishi a cikin tsaraba. Ta shinshina shi, ta jujjuya, sannan ta kira jikokinta ta rarraba musu. Da suka tashi za su fita da shi waje sai ta ce, "A'a, ku zamna ku ci nan gabana in gani."

Na fita na tsaya a zaure, don ban so ta ga idona ba.